Rakai: Shekarun da Marayu Suka Fi Ƙarfin Dangi

A ƙasar Buganda, a kudancin Yuganda, zaman makoki ba ya ƙarewa da binne mamaci. Bayan watanni, wani lokaci shekara ko fiye, dangi na kusa da na nesa sukan sake taruwa a gidan, su kwana ana kiɗa da hira, domin bikin da suke kira okwabya olumbe. Da gari ya waye sai babban dangi ya fito da wanda aka zaɓa ya gaji marigayin, ya ɗaura masa mayafin ɓawon itace a kafaɗa, ya danƙa masa mashi, ya lissafa masa kakanninsa a gaban jama'a. Wannan magaji, omusika, matsayin marigayin yake hawa da duk nauyin da ke kansa. Idan an bar yara ƙanana, dangi kan naɗa musu mai riƙo da zai kula da su da abin da aka bar musu har su yi hankali. Mace ma idan ta rasu ana naɗa mata magajiya daga cikin 'yan uwanta mata, wadda yaran za su ɗauka a matsayin uwa.

A wurin Baganda, mutanen Buganda, yaro na dangin ubansa ne, kuma dangogin nan sun kai hamsin da 'yan kai, kowanne da shugabansa da filin kakanninsa. Baffa ƙaramin uba ake kiransa, inna kuwa ƙaramar uwa. Tura yaro gidan gwaggo ko kaka ya girma a can abu ne na yau da kullum ko da iyayensa suna raye, kamar dai yadda Bahaushe ya san riƙo. Saboda haka mutuwar uba ba ta nufin yaro ya rasa inda zai sa kansa. Sai dai tsarin gaba ɗaya ya dogara ne a kan abu guda da ba wanda ya taɓa tsayawa ya yi tunaninsa, domin ba a taɓa ganin akasinsa ba: mutuwa takan ɗauki mutum ɗaya ta bar 'yan uwansa. A gundumar Rakai, daga farkon shekarun 1980, wannan ya daina zama gaskiya.

Rakai tana yamma da Tafkin Biktoriya, a kan iyaka da Tanzaniya. Ƙasar ayaba ce da gahawa da kamun kifi. Bayan Idi Amin ya kori 'yan kasuwa 'yan asalin Indiya a 1972, tattalin arzikin Yuganda ya durƙushe, sabulu da gishiri da sukari suka ɓace daga kantuna, sai fasa-ƙwauri, wanda suke kira magendo, ya zama sana'ar duk saurayin da ke da ƙarfi da ƙarfin hali. Ƙananan tashoshin kwale-kwale irin su Kasensero da Lukunyu suka cika da kuɗi da mashaya da baƙi masu kwana ɗaya. Sannan yaƙi ya biyo ta nan. A Oktoban 1978 sojojin Amin suka mamaye yankin Kagera na Tanzaniya. A farkon 1979 sojojin Tanzaniya suka maido da martani, suka tsallako ta Mutukula, suka ci Masaka, suka shiga Kampala a watan Afrilu. Hanyar da suka bi ta ratsa tsakiyar Rakai.

A 1982 aka fara ganin 'yan kasuwar Kasensero suna kamuwa da wani ciwo da ba a san irinsa ba: zawo da ba ya tsayawa, zazzaɓi, ƙuraje, mutum ya yi ta ramewa har ya zama ƙashi da fata. Da yake waɗanda suka fara mutuwa masu fataucin tsallaken iyaka ne, mutanen gari suka ce sammu ne, wai sun ci amanar abokan cinikinsu na Tanzaniya aka yi musu asiri. A ɗaya gefen iyakar kuma mutanen Kagera suka laƙaba wa ciwon suna Juliana, sunan wani yadi da 'yan fasa-ƙwauri ke shigowa da shi. A Rakai suna kiransa siliimu saboda ramar. A Oktoban 1985 wasu likitocin Jami'ar Makerere, cikinsu har da David Serwadda da Nelson Sewankambo, suka buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet: daga cikin majinyata 71 da suka gwada, 63 suna ɗauke da ƙwayar cutar da ake dangantawa da ƙanjamau a Turai da Amurka.

Kowace annoba da irin mutanen da take ɗauka. Ƙyanda yara take kashewa, korona ta fi tsananta a kan tsofaffi. Ƙanjamau kuwa ta zaɓi tsakiyar gida, masu shekara ashirin zuwa arba'in da 'yan kai, waɗanda su ne ke noma, su ne ke haihuwa, su ne ke ciyar da na sama da na ƙasa. Ƙwayar cutar tana iya zama a jikin mutum shekara takwas ko goma yana tafiya garau, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya uku ko huɗu, kafin ta kayar da shi. Tana bi ta gadon aure, don haka idan miji ya tafi, sau da yawa matar na biye da shi bayan shekara ɗaya ko biyu, idan da kishiya ita ma haka. Jarirai kuma ba duka ke ɗaukar cutar daga uwa ba. A zamanin da babu magani, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke kamuwa a wurin haihuwa ko ta nono, kuma rabin waɗannan ba sa kai shekara biyu. Sauran kashi biyun suna rayuwa lafiya lau, su yi jinyar uba, su yi jinyar uwa, su binne ƙaramin ƙaninsu, sannan su tsaya a tsakar gida suna jiran wanda zai zo ya ɗauke su.

Wanda al'ada ta tanada ya zo ɗin, shi ma yana kwance. Binciken da aka yi a Rakai a 1989 ya gano cewa a garuruwan kasuwa na kan babbar hanya kashi 38.5 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar, a ƙananan kasuwannin ƙauye kashi 25.4, a ƙauyukan noma na cikin lungu kashi 8.6. Baffa da gwaggo da kawu sa'o'in marigayin ne, kasuwa ɗaya suka ci, zamani ɗaya suka yi. Akwai gidajen da aka naɗa magaji, kafin a zagayo shekara ana neman wanda zai gaje shi. Bikin gado da ake yi wa mutum ɗaya sai aka koma haɗa mamata da dama a yi musu rana guda, zaman makoki na kwanaki aka taƙaita shi, domin idan aka ce za a yi wa kowa yadda aka saba, ba wanda zai sake taka gona.

A wannan shekarar ta 1989 ne wata Ba'amurkiya mai nazarin al'umma, Susan Hunter, tare da ƙungiyar Save the Children da shugabannin ƙauyuka, suka bi gida-gida suna ƙirga yaran da suka rasa uwa ko uba ko duka biyun. A Rakai kaɗai suka samu kimanin 25,000, kusan kashi 13 cikin 100 na yaran gundumar. Lokacin gwajin jini yana da wuya da tsada, sai Hunter ta nuna cewa yawan marayu da kansa ma'auni ne na inda annobar ta kai. Kafin wannan ƙidaya, duniya tana kallon ƙanjamau a matsayin matsalar asibiti da ta masu jinya. Daga ƙauyukan Rakai aka fara fahimtar cewa rabin bala'in yana kan waɗanda ba su kamu da komai ba.

To, wa ya ɗauki yaran? Mafi yawansu dangi ne dai suka ɗauka, kuma wannan ya kamata a faɗe shi da babbar murya, domin an sha rubuta cewa zumuncin Afirka ya rushe a wancan lokaci. Bai rushe ba. Nauyin ne ya zame daga kafaɗar da al'ada ta ajiye shi ya faɗa kan wadda ta fi kowace rauni. Jjajja, wato kaka, matar da ta gama renon nata 'ya'yan, take sa ran su ne za su ciyar da ita su binne ta, ita ce ta wayi gari da jikoki biyar, takwas, goma a ɗaki ɗaya, 'ya'yan ɗanta na fari da na 'yarta da na autanta, ga kaburburan iyayensu a jere cikin gonar ayaba a bayan gida, inda Baganda ke binne nasu. Masu bincike na Makerere, irin su James Ntozi, sun rubuta yadda riƙon marayu ya yi ta komawa hannun kakanni da dangin uwa, abin da a da ba a saba ba tunda yaro na dangin uba ne. Dokar dangi ba ta canja a baki ba, amma a aikace yaro yana zuwa ne inda aka buɗe masa ƙofa.

Yunwa ta biyo baya ta hanyar da baƙo ba zai lura da ita ba. Gonar ayaba, in an kula da ita, takan ciyar da gida shekaru masu yawa ba tare da an sake shuka ba, amma kulawar ba ta yankewa: a sare busassun ganye, a shimfiɗa ciyawa a gindi, a rage 'ya'yan da suka yi yawa, a farfasa kututturen da aka sare don kada ƙwaro ya yi gida a ciki. Gahawa kuma tana son sassabe da tsinka da shanya. Tony Barnett da Piers Blaikie, Turawan Birtaniya biyu da suka yi nazarin gonakin Rakai suka fitar da littafi a 1992, sun bayyana yadda gida ke gangarowa mataki-mataki. Da farko kuɗin gahawa ya tafi wurin magani da boka. Sai a sayar da keke da rediyo da akuya. Matar gida ta bar gona ta zauna jinya. Ciyawa ta cinye gahawa, ƙwaro ya kama ayaba, a koma rogo da dankali da ba sa son aiki da yawa amma ba sa kawo kuɗi kuma ba sa gina jikin yaro. Kafin uban ya cika, gadon da zai bari ya riga ya tafi. Yaron Rakai yakan fara zama maraya tun iyayensa suna numfashi, ranar da aka cire shi daga makaranta don ya ɗebo ruwa ya wanke zanen majinyaci.

Inda babu kaka, ko ita ma ta bi 'ya'yanta, sai yara su riƙe kansu. Yarinya 'yar shekara goma sha uku ko yaro ɗan sha huɗu ya zama mai gida, yana noma ɗan abin da zai iya, yana ƙodago a gonar maƙwabta, yana dafa wa ƙanne. Irin waɗannan gidaje ba su kai yawan na kakanni ba, amma a Rakai aka fara ganinsu da yawan da har sai da hukumomi suka ba su suna a takardunsu. Wasu yaran da gangan suka ƙi a rarraba su gidajen dangi, saboda sun san ranar da suka bar gidan, ranar za su rasa filin. 'Yan mata su suka fi shan wuya: aikatau a Masaka ko Kampala, auren wuri, ko hannun wani babba mai ɗan kuɗi, wanda ta nan cutar da ta kashe iyayen take samun hanyar komawa kan 'ya'yan.

Maganar fili ita ce wurin da al'adar ta nuna muninta. Mai riƙo na gaskiya amana yake riƙewa, amma talauci da yawan mutuwa sun buɗe ƙofa ga wanda zai zo makoki da niyyar kwashe katifa da kwanon rufi da takardar gona. Matar mamaci ba 'yar dangin ba ce, kuma ana iya zarginta da cewa ita ta kawo ciwon, a kore ta da yaran ko a karɓe yaran a bar ta. Dokar gado ta ƙasa, yadda aka gyara ta a 1972, ta ce idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba 'ya'ya ke da kashi 75 cikin 100, mata kashi 15, dangin da ke ƙarƙashin kulawarsa kashi 9, magajin al'ada kashi 1 tak. A takarda marayu suna da kariya. Amma kotu tana birni, rubuta wasiyya kuwa mutane da yawa suna ganinsa kamar kiran mutuwa ne, kuma yaro ɗan shekara goma ba ya kai baffansa ƙara. Sai a 2007 kotun tsarin mulki ta soke sassan dokar da ke tauye mata, sai kuma a 2022 aka yi sabon gyara da ya ɗaga rabon matar ko mijin mamaci zuwa kashi 20. Yaran da aka kora daga gonakin iyayensu a 1990 sun haura shekara talatin kafin wannan gyara ya iso.

Abin da Yuganda ta yi daidai shi ne ba ta ɓoye ba. Yoweri Museveni ya karɓi mulki a Janairun 1986, kuma kamar yadda shi da bakinsa yake ba da labari, a taron ƙasashen 'yan ba-ruwanmu na Harare a wannan shekarar Fidel Castro ya ja shi gefe ya shaida masa cewa cikin sojoji 60 da Museveni ya tura horo Kyuba, 18 suna ɗauke da cutar. Daga nan gwamnati ta fara magana a fili, a rediyo da coci da masallaci, a lokacin da shugabannin ƙasashe da dama na nahiyar ke musun akwai ciwon a ƙasarsu. A 1986 matarsa Janet Museveni da wasu mata suka kafa ƙungiyar UWESO domin marayun yaƙin basasa, ba da jimawa ba marayun ƙanjamau suka rinjayi na yaƙin. A 1987 Noerine Kaleeba, ma'aikaciyar gashin ƙashi a asibitin Mulago wadda mijinta Christopher ya rasu da cutar ya bar ta da 'ya'ya mata huɗu, ta haɗu da wasu mutum goma sha biyar suka kafa ƙungiyar TASO, suna bin masu jinya har gida. A shekarar dai, wata 'yar majami'ar Katolika daga ƙasar Ailan, Ursula Sharpe, ta fara fita da mota daga asibitin Kitovu na Masaka zuwa ƙauyukan Rakai da magani da sabulu da barguna. Aikin nata ya girma ya koma biyan kuɗin makarantar marayu, daga baya har da makarantun noma na tafi-da-gidanka, domin yaran da iyayensu suka mutu kafin su koya musu yadda ake riƙe gona.

Baƙi masu son taimako da yawa gidan marayu suka fara tunani, domin gini abu ne da ake iya ɗaukar hotonsa a nuna wa mai ba da kuɗi. An gina wasu, kuma akwai yaran da ba su da wata mafita sai su. Amma lissafin bai taɓa fita ba. Kuɗin da zai riƙe yaro ɗaya a irin wannan gida zai tallafi yara da dama a hannun danginsu, ga shi kuma yaron da ya girma a can yakan fito ba fili, ba dangi, ba wanda zai tsaya masa ranar aure. An kuma lura cewa inda aka buɗe gidan marayu, iyalai matalauta sukan kai yaran da ke da uwa ko uba a raye, don a can ne ake samun abinci da karatu. Gwamnatin Yuganda ta tsaya a kan cewa gidan marayu shi ne zaɓi na ƙarshe. Matsayin daidai ne, sai dai an bar kakanni su aiwatar da shi da aljihunsu.

Taimako mafi girma da marayu suka samu a shekarun 1990 bai ma ɗauki sunansu ba. A 1997 gwamnati ta soke kuɗin makarantar firamare, da farko ga yara huɗu a kowane gida, daga baya ga kowa. Cikin shekara guda yawan ɗalibai ya tashi daga wajen miliyan 3 zuwa sama da miliyan 5. Azuzuwa sun cika maƙil, malamai sun yi kaɗan, kuma har yanzu akwai kuɗin riga da littafi da abincin rana. Duk da haka kakar da a da sai ta zaɓi jika ɗaya cikin bakwai ta tura makaranta, yanzu tana iya tura su duka.

Akwai kuma wata sabuwar al'ada da iyaye mata masu ɗauke da cutar suka runguma. A ƙarshen shekarun 1990 ƙungiyarsu ta ƙasa, NACWOLA, wadda Beatrice Were na cikin jagororinta, ta fara koya wa mata rubuta littafin tunawa. Uwa takan zauna da ɗanta ko 'yarta su cika shi tare: sunan danginku kaza, kakanka wane, ga inda aka binne shi, ranar da aka haife ka an yi kaza, ga abincin da kake so kana ƙarami, ga iyakar gonarmu daga bishiya kaza zuwa rafi, idan na tafi, je wurin wance, kada ka yarda da wane. A liƙa hoto idan akwai, in babu a zana. Wadda ba ta iya rubutu ba takan faɗa, yaron ya rubuta. A al'adar da babba ba ya zama da yaro ya yi masa maganar mutuwa, balle ta ciwon da ake jin kunyarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Littafin ya tilasta wa uwa ta gaya wa 'ya'yanta gaskiya tun tana da ƙarfi, ta zaɓi mai riƙo da bakinta, sau da yawa har ta kai ga rubuta wasiyya. Aikin da babban dangi ke yi ranar naɗa magaji, na sanar da yaro ko shi wane ne, uwa ce ta ɗauke shi tun da rai, don ba ta da tabbacin za a sami wanda ya rage da zai yi.

Duk wannan jinyar rauni ne. Abin da zai hana raunin ya riga ya samu tun 1996, lokacin da aka tabbatar a taron Bankuba na Kanada cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar cutar, mai ita ya ci gaba da rayuwa. A Turai da Amurka mace-mace suka faɗi nan take. Amma kuɗin maganin ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, manomin Rakai kuwa ko a mafarki bai taɓa riƙe irin wannan kuɗi ba. Shekara takwas maganin yana duniya iyaye suna mutuwa a Rakai. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da irinsa a kan dala 350 a shekara. A 2002 aka kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. A 2003 shugaban Amurka George Bush ya sanar da shirin PEPFAR na dala biliyan 15. Maganin kyauta ya iso Rakai a 2004. Duk yaron da ya rasa uwarsa tsakanin waɗannan shekaru takwas, farashi ne ya mayar da shi maraya, kuma waɗanda suka tsaya kai da fata a kan farashin sun san abin da ke faruwa.

Sakamakon bai ɓoyu ba. Wani bincike da aka yi a Tororo, a gabashin ƙasar, aka buga a 2008, ya nuna cewa ba iyaye magani a gida ya rage mutuwarsu da kashi 95 cikin 100, ya rage mutuwar ƙananan 'ya'yansu waɗanda ba su da cutar da kashi 81, ya kuma rage maraici da kimanin kashi 93. A Rakai kanta, cibiyar bincike ta Kalisizo da ke bin ƙauyuka iri ɗaya shekara da shekaru ta samu cewa a 2001 zuwa 2002, kashi 52 cikin 100 na matasa masu shekara 15 zuwa 19 sun rasa aƙalla uwa ko uba, kashi 20 kuma sun rasa duka biyun. Zuwa 2016 zuwa 2018 adadin farko ya sauko kashi 23, na biyun ya koma kashi 3. Babu gidan marayu ko ƙungiyar agaji da ta taɓa yin kusa da wannan.

Kakannin da suka riƙe ƙasar a tsakani ba su sami komai da ya kai aikinsu ba. A 2006 gidauniyar Stephen Lewis ta tara ɗari daga cikin irinsu daga ƙasashen Afirka a birnin Toronto, karo na farko da aka ba su abin magana a gaban duniya. A gida kuwa, tallafin tsofaffi na gwamnati, shilin 25,000 a wata, ya fara ne a wasu gundumomi kaɗan, da aka faɗaɗa shi ga ƙasa baki ɗaya a 2020 sai aka ce sai mai shekara 80. Matar da ta karɓi jikoki takwas a 1990 tana da shekara sittin, da wuya ta ga ko wata ɗaya na wannan kuɗi.

Annobar korona ta sake jefa duniya cikin irin wannan lissafi: masu bincike sun ƙiyasta cewa zuwa Mayun 2022 yara miliyan 10.5 sun rasa uwa ko uba ko mai riƙonsu, kuma a wannan karon kakanni ne cutar ta fi ɗauka, su da suka zama madogara a annobar da ta gabata. A Yuganda makarantu sun kasance a rufe, gaba ɗaya ko wani ɓangarensu, daga Maris 2020 har Janairun 2022. Sannan a Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ƙasashen waje, abin da ya girgiza asibitocin ƙanjamau da shirye-shiryen marayu a faɗin ƙasar. Sama da 'yan Yuganda miliyan ɗaya ne ke shan maganin nan kullum, akasarinsu iyaye ne masu 'ya'ya a gabansu, kuma kaso mafi tsoka na kuɗin maganin daga waje yake zuwa. Maganin ba ya warkarwa. Wanda ya daina sha, cutar takan dawo masa cikin makonni. Gwamnatocin Afirka da ke tsara kasafin kuɗinsu na lafiya su san cewa ranar da kwalaben nan suka yanke a Kalisizo, ƙidayar 1989 za a sake yi.